Tarin da Aka Ɓoye a Ƙaramin Jirgi

A ƙauyenmu na gabas da Gummi babu wanda ya taɓa jin kukan jirgin ƙasa, sai kakata Hajo. Idan an gama girbi, bayan sallar magariba takan hura wutar karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Yawancin lokaci tatsuniya take mana, mu yi dariya har Inna ta leƙo ta ce mu rage murya. Amma akwai labari ɗaya da ba a yi masa dariya. Idan za ta ba da shi, sai ta gyara zama ta ce, "Yau ba kura ba zomo. Wanga da idona na gane shi."

Ta ce tana amarya aka zo ɗibar maza zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, aikin tilas, lokacin babban yaƙin Turawa. Aka haɗa da mijinta, kakanmu. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "kakanku" kawai take cewa. Watanni suka wuce. Sai wani da aka sallamo ya dawo ƙashi da rai, ya ce sanyin dutse ya kama ƙirjin kakanmu, kuma ana tura shi rami a hakan.

Washegari ta ɗaura ƙwaryarta ta kama hanya. Ta bi ayarin masu jakuna zuwa Gusau, ta hau babban jirgi zuwa Zariya. A can ta ga ƙaramin jirgin da ke hawa ƙasar duwatsu.

"Ɗiyana, na zaci wasa aka da ni," in ji ta. "Layinai, taki guda mace za ta ƙetare shi. In ya kama hawa, nishi yakai kamar tsohon jaki, har maza su sauka su bi shi da ƙafa."

Jirgin nan ba na manyan gari ba ne. Yana tsayawa a ƙananan tashoshi cikin daji ya sha ruwa, mata su shigo da kwanduna, wani da akuya, wani da tukwane. Daga baya aka daina aiki da shi, aka kwashe ƙarafunan. Wani malaminmu na firamare, mutumin can, ya taɓa gaya mini cewa a garinsu tudun da layin ya bi ne kawai ya rage.

Ta samu kakanmu a wata bukkar ciyawa, kwance, idanu sun faɗa. Da ya gan ta sai ya ce, "Mi ya kawo ki? In sunka kama mu, ni ɗauri, ke wulaƙanci." Ta ce masa ya tashi. Kafin a kira mutane aiki suka sulale, ta tallafe shi suka yi yini guda suna gangarowa, har suka kai wata ƙaramar tasha da ba a san shi ba. Da jirgi ya iso suka shiga, ta lulluɓa masa zanenta, ta kwantar da shi ƙasa a cikin tarago, bayan wasu kwandunan acca.

Mai kwandunan wata tsohuwa ce 'yar dutse, da lofen taba a baki. Ba ta jin Hausa, Hajo ba ta jin yarensu. Ta dubi ƙafafun da suka leƙo daga ƙarƙashin zanen, ƙafafun namiji masu faso da jar lakar rami. Ta dubi Hajo. Ta ci gaba da zuƙar lofenta.

A nan kaka takan tsaya ta tona dankali, mu kuwa kamar mu fashe.

Jirgi ya tsaya shan ruwa a tasha ta gaba. Hajo ta leƙa ta ga 'yan doka biyu suna bin tarago ɗaya bayan ɗaya, suna neman waɗanda suka gudo daga aiki. A gabanta aka fito da wani mutum, aka ɗaure shi da igiya a jikin tankin ruwa. Saura tarago biyu a iso nasu. Sai ta ji bayan kakanmu yana motsi a jikin gwiwarta. Tari ne ya taso masa, irin wanda idan ya fara ba ya tsayawa.

"Na sa hannu ƙarƙashin zane na toshe mai baki," in ji ta. "Ina jin ƙirjinai na bugawa cikin tahina. Na ce, ya Allah, in na sake shi an kama shi, in na riƙe shi na kashe shi."

Ɗan doka ya hau. Ya zunguri kwando da kulki, ya tambayi Hajo daga ina. Ta ƙara danne bakin kakanmu. Tarin ya ƙwace.

A daidai lokacin tsohuwar ta ja lofe da ƙarfi, ta fesa wa ɗan dokan hayaƙi a fuska, ta dinga tari kamar ranta zai fita. Tana tari tana buga kwando, tana zage-zage da yarenta, ta faɗo jikin Hajo ta rufe zanen da bayanta. Duk tarin da kakanmu ya yi, nata ya danne shi. Ɗan doka ya ja da baya yana kare hancinsa, ya ce wannan tsohuwa za ta sa masa ciwo, ya sauka.

Jirgin bai tashi nan da nan ba. Hajo ta ce ba ta taɓa sanin ruwa yana daɗewa haka kafin ya cika tanki ba. Sai da ƙafafun jirgin suka fara juyawa ta cire hannunta. Tsohuwar ta sauka a tasha ta uku, ta ɗora kayanta ta shiga daji, ko waiwaye babu. Kakanmu ya kai gida, ya yi damina guda yana jinya, ya warke. Bayan haka aka haifi babanmu.

Ina yarinya, abin da na ɗauka daga labarin shi ne mutumin kirki yana rufa wa nasa asiri. Da wannan na girma, na yi aure a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum. Shekarar da zinari ya fito, maza suka riƙa kawo dutse gida ana niƙawa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Da aka ji ma'aikatan lafiya za su zo, maza suka haɗa baki: kowa ya ce ba a niƙa a gidansa, don kada a hana aikin. Mijina ya tura turmin da ake dakan dutsen a gidanmu ƙarƙashin gado, ya ce, "Kin ji abin da anka ce."

'Yata Nana tana bayana, jikinta zafi, kwana biyu ba ta kama nono ba. Wata ma'aikaciya, Kirista daga kudu, ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni da Hausarta mai tsami, "Ana niƙa dutse a nan?" Mijina yana zaure yana ji. Kaka ta daɗe da rasuwa, amma na yi mata tambaya a raina, na kuma san amsar. Ba don ɓoyo ta yi tafiyar nan ba. Don ta dawo da mutum da ransa ta yi ta.

Na shiga ɗaki na jawo turmin na ajiye a gaban matar.

Ranar aka ɗauke mu zuwa asibiti a Anka. Aka ce gubar dalma ce. Nana ta rayu, ko da yake har yau karatu yana mata nauyi. Mijina bai zo ba sai a kwana na tara. Ya tsaya a gefen gadon, ya daɗe yana kallon yarinyar tana shan kunu. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na sa an kankare ƙasar gidan. Ku dawo."