Tasar da Na Juya wa Bango

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har shekarun 'ya'yana sai na tsaya na yi tunani. Amma ranar da dangin maigidana suka zo ganin ɗakina a Damagaram, wannan kam ba zan manta ba sai ƙasa ta rufe mini ido.

A shekarar da aka sami 'yancin kai ne. Maigidana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Mushe ake ce masa yadda ake kiran malamai da Faransanci, kuma a Gidimuni ya gan ni ya aure ni lokacin yana koyarwa can. Da Nasara suka fara tattara nasu ya nasu, aka dawo da shi garinsu, aka ba mu gida a Sabon Gari mai ɗaki biyu, da wani babba a gaba wanda yake kira salo. Ni dai ban ga wani salo ba, bango huɗu na gani tsirara suna kallona.

Danginsa na unguwar Birni ba su je bikinmu ba, kuma ba su ɓoye cewa auren 'yar ƙauye bai yi musu daɗi ba. Sai suka aiko cewa za su zo ganin ɗaki. A wancan zamanin mata ba amarya suke zuwa gani ba, jerenta suke zuwa gani: kwanuka da langa da tasoshi da aka ɗora bisa juna har su kusa rufi. Da jere ake auna uwar yarinya. Ni kuwa babana ya rasu kafin aurena, abin da innata ta iya ba ni shi ne faya-fayan da ta saƙa da hannunta, da ƙorai, da 'yan kwanuka, da zanen saƙinta na aure. Ga shi ta aiko cewa za ta biyo motar gyaɗa ta zo ranar. Abin da ya hana ni sukuni ke nan, kada a yi wa innata dariya a gaban idona.

Shi Mushe bai ga abin damuwa ba. Ya je gwanjon wani Nasara mai shirin komawa ƙasarsu, ya dawo yana washe baki da kujeru biyu na kwando, da madubi mai tabo a gefe, da wani hoto cikin gilashi na wata mata riƙe da kare. Ya ce haka ake ado a birane. Na ce masa in gwaggonsa ta shigo ta tarar da kare a bango, ko ruwa ba za ta sha ba. Gwaggon nan ƙanwar babansa ce, ita ce babba a matan gidansu, kuma kowa ya san bakinta ba ya da linzami.

Wata dillaliya ce Allah ya turo mini, tsohuwa 'yar asalin Kano, wadda take shiga gida-gida da ƙunshin kayan da mata suka bayar a sayar musu a ɓoye. Ta dubi bangon, ta dube ni, ta ce in daina kuka, jere ido ne kawai, babu wanda yake zagayawa bayan kwano. Ta shiga kawo mini kaya kaɗan-kaɗan, langar da fentinta ya ɓantare a gindi, fantekar da ta tsage a baki, murfin da ya rabu da kwanonsa. Ni kuma ina saƙa mata faifai tana tafiya da su, ban da dabinon garinmu da nake cika mata baki da shi. Ta gaya mini dokar sana'arta: kayan Birni unguwar Zango take kai su, na Zango kuma Birni, don kada mace ta ga abinta a ɗakin maƙwabciya. Da yake a Sabon Gari ta same mu, ni kuma da ganina an ga baƙuwa, ba ta tambayi ɗan wane gida ne mijina ba.

Ita ta koya mini yadda ake juya kowane kwano, tabonsa ya fuskanci bango. Muka shafe salon da farar ƙasa, muka kafa faya-fayan innata a sama, masu ja da baƙi. Madubin muka sa shi fuskantar jeren, sai kayan suka zama kamar ninki biyu. Matar nan da karenta na zare su na ba Mushe ya kai lakwal, na ninke saƙin innata na sa cikin gilashin. A ƙarshe tsohuwar ta kawo wata tasar tagulla mai zane a baki, ta yi baƙi ƙirin, gefenta ya lotsa an like da dalma. Na dirje ta da toka da tsamiya har hannuna ya yi zafi, ta fito tana ƙyalli. Ita na ɗora a can ƙololuwa.

Ranar ta zo, an yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi. Mata suka cika salon suna ta kalle-kalle. Innata na gefe bisa tabarma, ta lulluɓe har goshi. Gwaggo ce ta shigo ƙarshe. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta miƙe wajen jeren, tana bin shi da ido daga ƙasa. Da ta kai sama sai ta tsaya. Ta ce a sauko mata da tasar.

Aka sauko da ita. Ta karɓa ta juya ta, ba ta ko laluba ba, yatsanta ya sauka daidai kan dalmar nan. A nan na gane ta san tasar. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za ta faɗa wa duniya jerena kayan dillaliya ne. Ta daɗe tana shafa wurin. Can sai ta juya wajen innata ta ce, "Ke ce uwar yarinyar nan? Allah ya saka miki. Irin wannan tasar ba a yin ta yanzu, sai gidan da aka san daraja."

Innata ba ta taɓa ganin tasar ba a rayuwarta. Ta sunkuyar da kai ta ce amin. Gwaggo ta mayar da tasar da kanta, ta juya lotsin wajen bango, ta nemi kujerar Nasara ta zauna. To, in ita ta yaba wa zai kushe? Nan mata suka shiga yaba faya-fayai, wata har tana tambaya ko saƙin cikin gilashi daga Kano aka kawo. A ranar na ga innata ta ci tuwo tana dariya, abin da ban gani ba tun rasuwar babana.

Da dillaliyar ta ji gidan da mijina ya fito, sai ta dafe kai tana salati, ta ce tunda take sana'ar nan ba ta taɓa tafka irin wannan ba. Ba ta faɗi sunan kowa ba, ni ma ban tambaya ba.

Bayan 'yan kwanaki na naɗe tasar cikin zane na tafi Birni. Na sami Gwaggo ita kaɗai, na durƙusa na ajiye a gabanta. Ta buɗe ta duba, idonta ya kawo ruwa. Ta ce da ita aka yi mata jere, kuma shekarar da mijinta ya kwanta jinya ta fitar da ita ta sayar, har yau babu wanda ya sani a gidan. Na ce to ga ta ta dawo gida. Ta girgiza kai ta tura mini.

"Ɗauki abinki, 'yata. In ta dawo ɗakina za a tambayi inda ta je. A naki kuwa, uwarki ce ta ba ki."

Daga ranar har ta bar duniya ba mu sake tayar da maganar ba, kuma ban ƙara jin an kira ni 'yar ƙauye a gidan nan ba. Salona ya canza kaya sau da yawa, kujerun kwando sun ruɓe, madubin ya fashe a hannun jikoki. Tasar tana nan a sama. Duk sanda na goge ta sai na yi wa mata ukun nan addu'a, innata da dillaliya da Gwaggo. Abin da na koya shi ne babu ɗakin da ba shi da abin da aka juya wa bango, kuma mutumin kirki shi ne wanda ya san inda tabon yake, ya mayar da shi yadda ya same shi.