Alfadarin Mushe Ilyasu

Shekara ashirin da huɗu Mushe Ilyasu ya yi yana koyar da Ingilishi a wata kwaleji ta unguwar Zariya da ke Maraɗi, inda ake ce wa malamin boko Mushe. Ɗan Jiratawa ne, kuma har ya yi furfura bai bar noman albasa ba. Duk attajirin Maraɗi da takardar Ingilishi ta gagara, wurinsa yake aikowa. Abin alfaharinsa shi ne wani tsohon kundi da ya cika da kamance irin na Turawa: fari kamar abu kaza, sanyi kamar abu kaza.

Wata rana Alhaji Abdulmutallib mai atamfa ya kira shi. Mahaifin abokin cinikinsa na Kumasi ya rasu, yana son takardar ta'aziyya.

"Mushe, ka ce tsohon nan tsayayye ne, ba ya magana biyu."

Ilyasu ya duba kundinsa, ya ga wata jimla mai nuna rashin lanƙwasuwa, ya zuba ta. Aka aika.

Bayan kwana uku aka sake kiransa. Ya tarar da Alhaji zaune fuska a murtuke, ga 'yarsa Khaulat, wadda Ilyasu ya koyar kafin ta tafi jami'a, riƙe da waya.

"Mutumin Kumasi ya daina ɗaukar kirana," in ji Alhaji. "Khaulat, faɗa mashi abin da ya rubuta."

Ta sunkuyar da kai. "Mushe, ku gafarce ni. Cewa kuka yi marigayin yana da taurin kai kamar alfadari. A wurinsu zagi ne."

Ilyasu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tuna ɗaruruwan ɗaliban da ya sa suka haddace jimlar nan a matsayin yabo.

"Laifina ne, Alhaji. Ba ni wayar."

Ya kwafi lambar mutumin, ya kira shi da tasa wayar, ya faɗi ko shi wane ne, ya ce jahilcinsa ne ba na Alhaji ba. Mutumin ya ce ya haƙura, amma a gaban 'yan uwa aka karanta takardar.

Sati guda Ilyasu ya yi a gonarsa, ko kasuwa bai leƙa ba. Ranar Litinin ya shiga aji, ya tsaya gaban allo.

"Ku buɗe littattafanku," ya ce. "Akwai abin da na koya muku ba daidai ba."