Yaya, wadda ta ƙi karanta takardar hafsa

Ranar Talata, tara ga watan Maris, ina tsaka da gyaran makirufo aka kira ni a waya cewa kin rasu, Yaya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ciwon ƙirjin da kika fito da shi daga tsare ne ajalinki.

Shekara goma sha ɗaya kina karanta labarai a gidan rediyonmu, ni ina bayan gilashi ina kula da na'ura. Kowa Yaya yake ce miki, har manajan da ya girme ki. Da yaƙi ya ɓarke aka kafa dokar ta-ɓaci, aka ajiye mana soja, kowace takarda sai ya duba. Kin sha tsokanarsa cewa ya fi editanmu kamo kuskure.

Ranar da bam ya faɗa kasuwa, saura minti biyar a fara labaran rana, wani hafsa ya shigo da takarda mai cewa duk waɗanda suka mutu 'yan tawaye ne. Ke kuwa daga asibiti kike, kin gani da idonki. Jar fitilar fara shiri na kamawa kika kife takardar, kika fara kiran sunayen mamatan da sana'ar kowa: mai tumatir, tela, wata uwa da goyonta. Hafsan ya tsaya a kaina, hannunsa a kan bindiga, ya ce in katse. Da gangan na yi ta laluben maɓallin da na fi kowa sani. A suna na ashirin da uku tsoro ya ci ƙarfina, na katse ki.

Da sojoji suka zo tafiya da mu biyu, kika rantse musu ban san komai ba. Wata takwas kika yi a hannunsu ba shari'a, ni ina gidana.

Bayan sakinki na je neman gafara. Kika ce, "Ƙanena, ashirin da uku ka bar ni na faɗa. Su nake ƙirga maka."

Har yau dokar tana nan, an hana mu sanar da rasuwarki a gidan da kika yi wa aiki. Shi ya sa na rubuta, duk abin da zai biyo baya.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki. Inna mahaifiyar Yaya, da maigidan Yaya da yaranta uku, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsare ku.