Sirkka, Wadda Ta Riƙe Hannuna Ranar Asabar

Ƙarfe bakwai na safe, ko ƙanƙara ta rufe hanya, za ka ga 'yar jar motar Sirkka Hyvönen ta nufi ƙauyukanmu na bakin tafki. Shekara talatin da huɗu tana bin tsofaffi gida-gida tana jinyarsu, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Takan tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta karɓi kofi don kada a ce ta raina mutane, amma idonta na kan akwatin magani. Ka san mu 'yan Finlan, ko ƙafa ce ta karye, lafiya lau za mu ce maka.

Ni shaida ce a kan mahaifina, Veikko. Ciwon nan mai kashe ƙarfin tsoka ya kama shi, fatar idonsa ta sauko, haɗiya ta zama aiki. Likita ya rubuta masa ƙwaya sau huɗu a rana, kowace da lokacinta, rabin awa kafin abinci. Ya kuma gargaɗe shi cewa zafi na tayar da ciwon, ya yi hankali da sauna, wato ɗakinmu na wankan tururi. Mutumin da aka haifa a ɗakin sauna, bai taɓa fashin wankan tururin Asabar ba! Sai Baba ya yi nasa tunanin, wai in ƙwaya ɗaya na ba da ƙarfi, biyu za su ninka. Duk Asabar bibbiyu yake haɗiya, ya faskara itace, ya shiga sauna ya haye bencin sama inda zafi ya fi, bai gaya wa kowa ba.

Wata Asabar da rana na tarar da shi zube a kujera, yawu na dalala, ciki na murɗa, numfashi sama-sama. Na tsorata ƙwarai. Na ɗauka maganin ne ya yi masa kaɗan, har na ɓare wata ƙwayar na nufi bakinsa, sai ga Sirkka ta shigo zagayenta. Caraf ta riƙe hannuna.

"Ajiye ta, Aino. Nuna mini akwatin."

Ta buɗe, ƙwayoyin da aka ware wa gobe Lahadi babu ko ɗaya, ya riga ya shanye. Nan take ta kira motar asibiti. Muna jira take gaya mini cewa maganin nan in ya yi yawa, kashe jiki yake kamar ciwon kansa, har da tsokar numfashi, kuma likita ne kaɗai zai bambance.

Da aka sallamo shi ta zauna gabansa ta ce, "Baba Veikko, itacen da kake faskarawa ma bai kai kanka tauri ba." Ya ce shi dai ko gawarsa sai ta shiga sauna. Ta san in an hana shi a ɓoye zai yi, sai ta koma wurin likita suka daidaita: bencin ƙasa, minti kaɗan, zafi sama-sama, wani na kusa. Ta saita masa agogo mai ƙara don lokutan magani. Shekara shida ke nan bai ƙara ko rabin ƙwaya ba.

Sirkka, ke ce mai duba akwati kafin ki yarda da baki. Masu tasowa a aikin nan su koya daga gare ki, mu masu jinya a gida kuma mu daina ƙara magani da ka, mu tambaya. Na gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Da ba ki riƙe hannuna ranar nan ba, da ni na kashe ubana, ina ganin taimakonsa nake yi.