Langar da Baba Ɗangaske ya saya mini

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Baba Ɗangaske, mahaucin da ya riƙe ni a Dutsin-Ma. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don ina tsoron kada in tayar wa iyalinsa abin da suka binne. Amma tsufa ya zo, kuma ba na so in tafi da maganar nan a ciki.

Gab da samun 'yancin kai na gama ƙaramar firamare a Kurfi, aka turo ni babbar firamare ta Dutsin-Ma. Yau tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma a lokacin ji na yi kamar an kai ni wata ƙasa. Mahaifina ya damƙa ni hannun Baba Ɗangaske, wanda kasuwa ce kawai ta haɗa su. Matarsa, Inna Rabi, ita ke wanke mini kayan makaranta. Shi kuwa tun ranar farko ya hana a zuba mini tuwo da 'ya'yansa, ya ce baƙo ɗan sarki ne, a akushinsa zan riƙa ci. Yakan turo mini tsoka gefena ya ce, "Ci, na Kurfi. Bokon nan ba ya zama cikin da babu nama."

Ni mutum ne mai yawan fargaba tun ina yaro. A shekara ta biyu malaminmu ya koya mana darasin kuturta. Ya ce tana farawa da farin tabo a fata, kuma ɓoye ta laifi ne. Washegari da rana Baba ya naɗe hannun riga zai wanke hannu, sai na ga farin tabo a damtsensa. Na ja baya daga akushin. Kwana uku ina ƙaryar ciwon ciki, ina dudduba jikina a bayan ɗaki. Ban tambaye shi ba, ban tambayi Inna ba. Na je na gaya wa malam.

Ranar kasuwa duba-gari ya tsaya a gaban teburinsa, ya sa shi ya tuɓe riga a gaban masu sayen nama. Aka tafi da shi ɗakin shan magani, aka duba, aka ce ƙyasfi ne kawai. Sai dai magana zarar bunu ce. Waɗanda suka ga an tuɓe shi sun fi waɗanda suka ji sakamakon yawa. Na sha ganinsa ya dawo da nama a faranti, Inna ta yanyanka ta shanya don kada ya lalace.

Bai taɓa tambayata ba. Wata rana dai ya shigo da sabuwar langa mai murfi, ya miƙa wa Inna.

"Daga yau ki riƙa zuba mashi a nan."

"Haba Malam, mi yaron ga ya yi?"

"Bai yi komi ba. So nike ya ci abinci da kwanciyar rai, ya rame."

A langar nan na ci har na gama makaranta, kuma kullum sai na tarar da tsoka a ciki. Shekara guda bayan tafiyata suka tashi suka koma wajen Dabawa, ya bar fawa ya kama noma. Sau biyu na kama hanya in je in nemi gafara, kunya ta mayar da ni. Na riƙa gaya wa kaina ai abin da aka koya mini na bi, alhali na san "na shiga ban ɗauka ba" ba ta fid da ɓarawo. A bakin wani direba na ji rasuwarsa.

Yanzu in na shiga Dutsin-Ma ina ganin ɗaliban jami'a, kowa da ɗakin haya, kowa da robar abincinsa. Nakan ce da Baba zai gani da ya tausaya musu, ya tambaya wa ke duba ko sun ci. Wataƙila kuma ya ce sun huta, su da masu gidan. Wannan tunani na biyu shi ya fi damuna, don in ya faɗi haka, ni na koya masa.

Bai bar dukiya ba, bai bar suna a kasuwa ba. Abin da na san ya bari shi ne ni ma na riƙe 'ya'yan mutane a gidana, kuma ban taɓa yarda a raba musu kwano da ni ba.

Yana da 'ya mai suna Hadiza, an ce ta yi aure can wajen Dabawa. Ina roƙon duk mai karatu da ya san inda take, ko 'ya'yanta, ya sanar da ni ta hannun jaridar nan. Langar tana wurina. So nake in kai mata, in gaya mata da bakina wanda ya kai ƙarar mahaifinta.