Tsagar Bangon Turakar Malam

Ɗana na fari yana can wata ƙasar Turai mai sanyi, a bakin teku. Ba na faɗin sunansa, kamar yadda uwata ba ta taɓa faɗin nawa ba. A hannun kakarsa ya tashi a Sandamu, shi ya sa har yau Yaya yake ce mini. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ya dawo gabanmu a Daura don shiga sakandare, kuma ko a lokacin, in ya shigo tsakar gida sai in nemi abin yi a madafi.

Ya yi ta karatu har ya ƙure digiri na uku, sannan wata jami'a ta ɗauke shi aikin bincike na shekara biyu. Ni ban yi boko ba, mai gidana Malam ne ya warware mini aikin. Wai hayaƙin masana'antu ne ya yi yawa a sama har yana ɗumama duniya, shi ne ake so a tara shi a tura cikin dutsen da ke ƙarƙashin teku. Aikin yaron nan shi ne ya gano inda dutsen ya tsage, ya faɗa ko tsagar za ta riƙe ko za ta bar hayaƙin ya tsere. Malam ya yi dariya, ya ce mu da ba mu san ruwan da ya wuce tafki ba, mu muka haifi mai leƙen gindin teku.

Yana cikin jirgin ruwa wurin aikin nan Malam ya rasu. Kafin labari ya same shi har an yi sadakar uku. Ya bugo waya yana kuka, ya ce zai ajiye komai ya taho. Na ce masa addu'a ba ta san nisa ba, ya yi wa mahaifinsa daga can. Ya ji maganata. Na yi takaba ni da bango huɗu. Ƙanwarsa, wadda ke aure a Mai'adua, takan zo ta kwana biyu ta koma wurin 'ya'yanta. Na yi kuka a gaban kowa, maƙwabta, 'yan gaisuwa, har mai tallan nono. Shi kaɗai ne bai taɓa jin kukana ba.

Da damina ta wuce, sai na ga bangon turakar Malam ya tsage daga ƙasa har kusa da azara. Allah ya gafarta mini, murna na yi. Na ce a raina ga aikinsa ya biyo shi har gida, yanzu ina da dalilin kiransa ba tare da na ce ni ke son ganinsa ba.

Na aika wa ƙanwarsa ta zo, ta kira shi ta wayar da ake ganin mutum. Ya sa ta ta bi tsagar da wayar a hankali. Ya tambaya ko ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, ko ƙofa ta fara cijewa, da inda indararo ke zubar da ruwa. Yana magana fuskarsa na haske, irin yadda Malam ke yi in an kawo masa tambayar da ya san amsarta. Ya ce ruwan indararo ne ya jiƙa gindin ginin, ɗakin ba zai faɗi ba, a karkatar da ruwan, magini ya cike ya yi yaɓe.

Na ce, "Irin wannan ba sai an gani da ido ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, wadda nake aiki a kanta ma ban taɓa ganinta da ido ba. A hoto nake ganinta."

Daga nan ya ce dama yana da magana. An nemi ya ƙara shekara biyu, amma ba zai amsa ba sai da yardata. Sannan ya ce, "In kina so in dawo, ki faɗa mini."

Ƙanwarsa tana ta mintsinina a cinya. Saura kaɗan in ce masa ya dawo. Amma tunda na haife shi ban taɓa kallon tsabar idonsa na ce ina bukatarsa ba, kuma bakin tsohuwa ba ya koyon sabon abu a rana ɗaya.

Na ce, "Ni me zan yi da kai a nan? Ka yi aikinka. Allah ya yi albarka."

Ya ce amin, ya yi godiya.

Da aka kashe wayar ƙanwarsa ta yi ta faɗa, ta ce kunyar nan tamu ta mutanen da ita za ta ƙarasa ni, ita za ta sake kiransa ta gaya masa gaskiya. Na hana ta. Na riga na sa albarka, ba a janye ta ta bayan gida.

Magini ya zo ya yi yadda aka ce, kafin la'asar ya gama. Yarinyar ta hau babur ta koma Mai'adua. Na dafa tuwo, hannuna ya auna na mutum biyu kamar kullum, na miƙa wa maƙwabta rabi ta kan katanga.

Shekara biyu ba komai ba ce a wurin yaro. Ni kuwa yanzu a zaune nake sallah, kuma ban sani ba ko zan ga damina biyu.