Ƙofar da Ta Ƙi Yatsan Baba

Ban amince da tunanina sosai ba a kan abin da zan rubuta. An ɗan kwana biyu, kuma na lura labarin da mutum ya yawaita juyawa a ransa yakan goge, har ya kasa rarrabe abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Saboda haka duk inda na ce ina jin, to jin kawai nake.

Bayan na gama jami'a aka tura ni hidimar ƙasa, wadda muke kira sarbis sibik, a wata makarantar koyon fasaha da ke ƙarƙashin jami'a, a gefen kwaltar da ta tashi daga Ƙonni zuwa Malbaza. Ba zan faɗi sunanta ba. A Ƙonni nake kwana, gidan kawuna, kowace safiya ɗan kabu-kabu ya kai ni muna kauce wa manyan motocin siminti.

Na iske sashen fasaha ana tsakiyar sake masa fasali. An kawo sabon shugaba, mutumin kirki mai saurin tafiya, wanda ya yi karatu a waje. Aka raba sashen gida biyu, masu odinatar, wato kwamfuta, da masu injuna. Aka huda bango aka zura wayoyi, aka fasa sabuwar taga a ƙarshen baranda don haske ya shigo. Aka kuma cire makullai, aka manna wa kowace ƙofa wani ɗan akwati mai gilashi. Ka ɗora yatsa, ya nuna hotonka, muryar wata mace ta yi maka godiya da Faransanci, ƙofa ta buɗe. Akwatin shi ne makulli, shi ne kuma shaidar cewa ka zo aiki. An gaya mana a ƙarshen shekarar karatu kwamiti zai zo ya tace wanda za a riƙe a sabon tsari da wanda za a sallama, kuma da shaidar akwatunan zai fara.

Ni aka ba aikin ɗaukar yatsun ma'aikata. Kowa ya wuce lafiya, in ban da wata malama da ta sha lalle, ita ma da ya kwana biyu ya dushe sai akwatin ya karɓe ta. Saura mutum ɗaya.

Dattijo ne mai kula da atiliye, ɗakin da ɗalibai ke koyon walda da ɗaurin waya da kwance inji. Kowa Baba yake ce masa. Bagobiri ne, gidansa na wani ƙauye kusa da Alela. Kafin zuwan akwatunan, makullin atiliye a wuyansa yake rataye da igiyar fata, kuma shi ke fara isowa. Bencinsa na bakin baranda, duk wanda ya shigo sai ya tsaya sun gaisa, an tambayi gida da gajiya. A da, haka ake sanin wanda ya zo da wanda bai zo ba: a tambayi Baba.

Da ya miƙo mini hannu na ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙuruciyarsa duk a aikin siminti ya yi ta a Malbaza, kuma simintin ya cinye zanen yatsunsa. Sumul suke, kamar cikin ƙwaryar da aka daɗe ana sha da ita. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, dama da hagu. Kowane ya ɗora, sai jar fitila ta kama, muryar ta ce a sake.

Shawara kuwa babu irin wadda ba a ba mu ba. Wani ya ce ya hura wa yatsan iska, wani ya ce ya goga a goshi, wani ya ce kada ya gwada bayan alwala. Bafulatanar da ke sayar da nono a bakin makaranta ta lakato masa man shanu ta ce ya riƙa shafawa, fata za ta farfaɗo. Sakatariyar sashen, Bazabarma, abokiyar wasansa ce, ita kuwa abin ya zame mata abin tsokana. Ta tsaya a kansa ta ce, "Bawana, faɗi gaskiya tun da sauran mutunci. Mutum kake ko iska?"

Ya ce, "Injin ga Bazabarme na, shi as sa bai san ubangidanai ba."

Muka yi dariya, har da shugaba. A lokacin abin dariya ne.

Amma an riga an karɓe makullin wuyansa. Sai ya zama mutumin da ya fi kowa sammako yana zaune a benci yana jiran wani malami ya zo ya buɗe masa ɗakinsa, ya shiga a bayansa. Ya taɓa tokare ƙofar da dutse, akwatin ya yi ta kuka har aka cire. A wurin akwatin kuwa, Baba bai taɓa zuwa aiki ba. Ga kwamiti na tafe. Bai yi mini maganar ba ko sau ɗaya, amma kowace safiya idan na sauka daga kabu-kabu sai in ga yana murza babban yatsansa da man shanu yana kallona.

Sabon tsarin ya kuma mai da ƙofar shiga ta wancan gefen, kusa da inda ake ajiye babura. Mutane suka daina bi ta gaban bencinsa. Ba wanda ya yi niyyar daina gaishe shi, hanya ce kawai ta sauya.

Shugaba ya damu, wannan zan shaide shi. Ya kira kamfanin da ya kafa akwatunan a Yamai, wani ma'aikacinsu ya yi mini bayani ta tarho yadda zan sassauta wa akwatin atiliye, ya rage tsanani wajen tantance yatsa. A gaban shugaba na yi. Baba ya ɗora babban yatsansa yana ƙyallin mai, sai koriyar fitila ta kama. Sakatariya ta ce to, yau bawanta ya shiga sahun 'yan Adam. Ni dai na dubi abin da akwatin ya adana a fuskar odinatar, na ga wani farin abu ne kawai mai siffar ƙwai, babu zane ko ɗaya. Na faɗa. Shugaba ya ce tunda ya karɓa, shi ke nan.

Washegari ya sake ƙin Baba.

Da hantsi na wannan ranar, ko ta bayanta, ina tafe a baranda, shi yana zaune a bencinsa. Bazara ce, ko ganye ba ya motsi. Tsakaninmu da ƙofar atiliye akwai 'yar tazara, kuma babu kowa kusa da ita. Sai na ji muryar matar ta yi godiya. Hoton Baba ya fito a kan gilashin, wanda na ɗauka da hannuna, da hularsa da tsagensa. Ƙofar ta buɗe a hankali. Ta tsaya gwargwadon yadda mutum zai wuce, sannan ta koma ta rufe.

Na juya na dube shi. Bai firgita ba, ko kuma bai nuna ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ce, "To, ga ni can na shiga. Wanga da ke zamne, wane na?"



Ni mutum ne mai tsoro, amma ba mai saurin yarda ba, don haka na sa ido. Abin da na gano, ko nake jin na gano, shi ne wannan: da hantsi rana kan shigo ta sabuwar tagar ta faɗi daidai kan gilashin akwatin, gilashin kuma ya riga ya yi maiƙon man shanu. Hasken kan zauna a kai fari, mai siffar ƙwai. Wata rana na kare wurin da hulata, ƙofar ba ta buɗe ba. Na kai wa shugaba wannan bayani. Ya ce zai sanar da kamfani, amma kafin su zo a bar abin haka, domin ai Baba yana zuwa, akwatin kuma yana cewa ya zo, ashe ba ƙarya ake yi ba. Na juya maganar ban ga inda ta karkace ba. Har yau ban gani ba sosai.

Daga nan Baba ya daina jiran malamai, ya koma jiran hantsi. Idan muryar ta yi godiya ƙofa ta buɗe, sai ya tashi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ya shiga kai tsaye. Yakan ɗan ja gefe tukuna, kamar yadda ake ba babba hanya, sannan ya bi baya da sauri kafin ta rufe. Ɗalibai suka fara kauce wa barandar a wannan lokaci. Na ji wasu na yin bisimilla idan dole ta sa su bi ta wurin. Sakatariya ta daina kiransa iska. Ta ma rage tsokanarsa gaba ɗaya, kuma ina jin wannan ya fi masa ciwo.

Sai aka tsai da darasin atiliye, domin za a sauya wayoyin kuran, wato lantarki, na injuna. Ɗalibai ba sa zuwa, malamai ba sa zuwa. Ni kuma aka mai da ni ɗakin odinatar ina jan waya daga safe har la'asar. Idan na duba abin da akwatuna suka shaida, sai in ga Baba ya zo, hankalina ya kwanta. Na san rana ce. Amma mutum yana iya sanin abu, idonsa kuma ya ci gaba da gaya masa wani abin.

Kwamiti ya zo bayan ruwa ya sauka. Ban shiga zamansu ba, ban kai ba. Shugaba ya ce mini ya yi musu bayanin akwatin atiliye, ban san iyakar abin da suka fahimta ba. Abin da na sani shi ne sun yaba wa dattijon da ko ranar hutu ba ya fashi, suka ce a riƙe shi. Shugaba ya aike ni in kai masa albishir.

Na iske benci babu kowa, kashin tsuntsu ya bushe a kansa. Na fita bakin makaranta na tambayi mai nono. Ta dube ni kamar mai mamakin tambayar, ta ce ai tun kafin shuka ya tafi gida, har ya yi mata sallama. Na koma na tambayi mutanen sashen ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya iya cewa ga ranar da ya gan shi ta ƙarshe. Ni ma ban iya ba.

Ranar hutu na shiga motar Alela, daga can wani mai amalanken jaki ya rage mini hanya. Na same shi a gona yana noman hatsi, wake ya fara yaɗo a tsakani. Ya yi murna da ganina, ya zaunar da ni a gindin gawo, aka kawo fura daga gida. Sai da muka gama gaisuwa na gaya masa an riƙe shi.

Ya ce, "Yana zuwa har yanzu?"

Na ce, "Yana zuwa, Baba. In akwai rana."

Na sake yi masa bayanin taga da man shanu, dalla-dalla, wataƙila fiye da yadda ya kamata. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ce bai musa ba, shi ma ya yi zama da injuna. Sannan ya ce, "Na san rana ta, ɗana. Amma shi aka riƙe, ba ni ba. Wuri guda ba ya ɗaukar mu biyu."

Na roƙe shi, na ce shugaba zai sa a kawo masa kati ko a mai da masa makulli. Ya yi godiya, ya ce a gaishe da shugaba da baiwarsa Bazabarma. Abu ɗaya ya nema. Ya ce in na koma in sallami wancan, kada in bar shi yana shiga ɗakin da babu kowa.

Da zan tafi ya riƙe hannuna. Na ji yatsun sun yi kaushi, hauya ta tsattsaga su. Na yi tunanin wataƙila yanzu akwatin ya karɓe su. 

Shugaba bai ji daɗi ba, amma ya bi masa hanyar ajiye aiki cikin mutunci, ya kuma ba ni izinin goge shi daga akwatin. Ranar da na je yin haka, a yadda nake tunawa, hadari ya haɗu tun safe daga gabas, gari ya yi duhu har an kunna fitilun baranda. Babu rana. Na tsaya gaban akwatin, ban kai ga taɓa shi ba, sai muryar ta yi godiya. Hotonsa ya fito. Ƙofar ta buɗe.

Na samu kaina na ja gefe.

Na jira har ta rufe, sannan na goge shi. Ina jin sakatariya na tsaye a bayana, kuma ina jin ta ce a hankali, "Sauka lafiya, bawana." Ba ni da tabbas. Ba mu taɓa tayar da maganar ba har na gama hidimata na bar wurin. Baba kuwa ya daɗe a raye bayan haka, na samu labarinsa yana nomansa, don haka kada wani ya ɗaura wa wannan safiyar abin da ba nata ba.

Mai yiwuwa fitilar baranda ce ta haska gilashin. Mai yiwuwa hadarin ya ɗan tsage rana ta leƙo ban lura ba, ko kuma na haɗa safiya biyu na mai da su ɗaya. Akwai waɗanda suka zauna a sashen a wannan shekarar, malamai da ɗalibai, kuma wasunsu sun fi ni riƙe abu. Duk wanda wannan rubutu ya iske, ya ga na ƙara ko na rage, don Allah ya aiko mini in gyara. Musamman ina son wanda ya tuna ya gaya mini ko akwai rana a safiyar nan.